Inda Gona Ta Hau Burtali: Haɗa Taswira a Kwamfuta da Amanar da Ke Cikinsa

Wannan shiri na manoma da makiyaya ne, da iyayenmu sarakuna da masu gari, da ma'aikatan da ke riƙe da takardun ƙasa a gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela.  Shirinmu na yau a kan wani aiki ne da ake yi a ofis, a gaban kwamfuta, amma a gona da burtali da bakin mashaya sakamakonsa ke sauka. Aikin shi ne ɗora taswira a kan taswira: a ɗauko zanen gonaki, a ɗauko zanen hanyoyin dabbobi ko na inda ruwan Majiya ke malala, a haɗa su a cikin manhaja domin a ga inda suka hau juna, sannan a haɗa bayanan da kowane zane ke ɗauke da su. Masu Faransanci na kiran wannan fanni SIG, masu Ingilishi na cewa GIS, kuma manhajojin da aka fi sani su ne QGIS, wadda kyauta ce, da ArcGIS ta kamfanin Esri.

Matsayina a kan lamarin guda ne, kuma zan faɗe shi tun yanzu domin mai sauraro ya auna shi da hujjojin da za su biyo. Yanka zane da haɗa shi abu ne da kwamfuta ta iya, ba ta gajiya, ba ta kuskuren lissafi. Amma duk inda fili biyu suka hau juna akwai hukuncin da za a yanke a kan bayanansu, wane ne za a riƙe, wane ne za a raba, wane ne za a zubar, kuma wannan hukunci na mutum ne ko da ya bar wa na'ura ta yanke masa. A ƙasa irin tamu, inda fili ɗaya kan zama gona da damina ya koma makiyaya da kaka, hawan junan nan sau da yawa shi ne ainihin gaskiyar wurin. Saboda haka nake ganin wajibi ne a bar shi ya fito a taswira da bayanan ɓangarorin biyu, kada a share shi don neman zane mai kyan gani.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a fahimci yadda taswira take a cikin kwamfuta. Kashi biyu gare ta. Akwai zane, wato kewayen fili da aka bi iyakarsa aka rufe, wanda zan riƙa kira fegi. Akwai kuma jadawali, inda kowane fegi ke da layinsa: sunan mai shi, faɗinsa, yadda ya same shi, gado ne ko saye ko aro ko jingina. Fegi da layinsa a ɗaure suke, in ka taɓa wannan a zane, wancan zai haskaka a jadawali. Tarin fegi masu iri ɗaya su ne falle ɗaya, kamar fallen gonaki, ko fallen ƙananan hukumomi, ko fallen fadamu. Dabarar ɗora falle a kan falle ta girmi kwamfuta. Wani masanin tsara ƙasa mai suna Ian McHarg ya shahara a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 da zana kowane bayani a takarda mai shara-shara, ya jera su a kan juna ya haska fitila ta ƙasa, a daidai zamanin da Roger Tomlinson ke koya wa kwamfuta wannan aiki a Kanada. Abin da ya kamata ya ja hankalinmu shi ne dokarmu ta ƙasar noma da kiwo, wadda aka fi sani da Kod Rural, mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, ta zo da wannan tsari kansa. Kundin ƙasa da ta ce a buɗe kashi biyu ne, zanen filaye a gefe guda, katin kowane mai haƙƙi a ɗaya gefen. Ashe abin da manhaja ke yi ba baƙo ba ne ga kwamitocin kula da ƙasa, wato Kofo, na gunduma da na ƙaramar hukuma da na ƙauye.

In aka ɗora falle biyu, manhaja na ba ma'aikaci zaɓi. Yana iya cewa a fitar masa da mahaɗa kaɗai, wato gurbin da falle biyun suka yi tarayya, a watsar da saura. Yana iya cewa a cire wancan daga wannan a bar masa ragowa. Yana iya neman gamayya, inda za a yanka kowane fegi a duk wurin da iyakar wani ta ratsa shi, a ajiye kowane yanki, ba a zubar da ko taki ɗaya ba. Mu ɗauki misalin gona mai hekta 4 da burtali ya ratsa gefenta. Gamayya za ta ba da yanki uku: gona zalla, burtali zalla, da ɗan tsakiyar da ke gona kuma burtali. Layin wannan na tsakiya a jadawali zai ɗauko bayanan gona da na burtali baki ɗaya, sauran biyun kuwa rabin gurabensu a wofi za su kasance. Sai kuma aikin da na fi jin tsoro, wato narkarwa, inda ake goge iyakokin da ke tsakanin fegi masu suna ɗaya su dunƙule su zama fegi guda. Zanen kan fito tsaf, gwanin sha'awa. Amma layi ɗari sun koma layi ɗaya, kuma in ba a gaya wa manhaja yadda za ta yi da bayanan ba, QGIS takan riƙe na fegin farko ta saki na sauran. Sunan mutum 99 ya fita daga jadawali ba tare da wata ƙararrawa ta kaɗa ba.

Tarko na farko a lambobi yake. Idan manhaja ta yanka fegi, bayanan da ke layinsa kwafe su take yi ta manna wa kowane yanki yadda suke. A misalin gonar nan, gurbin faɗi zai ci gaba da cewa hekta 4 a yankin gona zalla, ya sake cewa hekta 4 a ɗan tsakiyar da bai wuce rabin hekta ba, har sai ma'aikaci ya sa an sake aunawa. Wanda ya tara gurbin ba tare da lura ba zai sami hekta 8 a gonar da ba ta taɓa wuce 4 ba. Haka abin yake da mutane. A ce wata ƙaramar hukuma na da mutum 60,000, zanen ambaliya ya raba ta gida uku, to kowane gida zai fito da 60,000 a goshinsa, jimla ta zama 180,000. A nan ake bukatar rarrabe bayani iri biyu. Akwai wanda ake rabawa in an raba fili, kamar yawan jama'a da yawan dabbobi da damman gero. Akwai wanda ba ya rabuwa, kamar irin ƙasa, jigawa ce ko laka, ko sunan mai gona. Kwamfuta ba ta san bambancin ba, domin a wurinta duk rubutu ne a cikin gurbi.

Kada a ɗauka wannan tatsuniyar aji ce, domin ga shi a ƙidayar jama'armu. A ƙidayar 2001 an sami mutum sama da dubu 360 a gundumar Ƙonni. A ta 2012 kuma aka rubuta wa Ƙonni kimanin dubu 313. Wanda ya jera lambobin biyu a ƙarƙashin suna ɗaya zai ce Ƙonni ta yi asarar mutum dubu 50 cikin shekara 11, a ƙasar da ke sahun gaba a duniya wajen haihuwa. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. A shekarar 2011 aka ƙara yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63, aka cire Malbaza da Dogerawa daga Ƙonni aka yi musu gundumar kansu, kamar yadda aka cire Bagaruwa daga Illela. Ƙidayar 2012 ta ba Malbaza kimanin dubu 232. In ka mayar da su inda suka fito, tsohuwar Ƙonni ta haura dubu 540, wato ta ƙaru da kusan rabin abin da take da shi. Sunan bai canza ba, fegin ne ya canza. Gyaran a nan mai sauƙi ne, domin an bi iyakokin ƙananan hukumomi wajen yanka, sai a narkar da Ƙonni da Malbaza na yau a umarci manhaja ta tara jama'arsu. Ga wurin da narkarwa ke da amfani, kuma ba na musun haka. Sharaɗin shi ne ma'aikaci ya san abin da yake tarawa da shekarar da aka zana kowace iyaka.

Wani masani zai ce ai matsalar kwafin lambobi tana da magani tun tuni, a raba jama'a gwargwadon faɗi, yankin da ya ci kashi ɗaya cikin goma na fili a ba shi kashi ɗaya cikin goma na mutane. Gaskiya ne ana yin haka, ArcGIS ma tana da wurin da ake kunna wannan rabo. Sai dai rabon ya ginu a kan zaton cewa mutane a barbaje suke daidai wa daida kamar an watsa iri, kuma duk wanda ya san yankinmu na Adar ya san ba haka take ba. Jama'a a kwari suke taruwa, a bakin Majiya, a Galmi da gonakin albasarta, a kwarin Badagishiri, su bar dabagi da tsakuwarsa kusan babu kowa. Ambaliya kuma a kwarin take yi. Ka ga zanen ambaliya zai iya cin ɗan ƙaramin kaso na faɗin ƙaramar hukuma alhali a nan rabin mutanenta ke kwana, lissafin faɗi kuma ya ce mutum ƙalilan ne abin ya shafa, a aiko da buhunan agaji daidai da wannan lissafi. Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce a kawo falle na uku, na garuruwa da yawan mutanen kowanne kamar yadda hukumar ƙididdiga ta INS ta tattara, ko na rufin gidaje daga hoton tauraron ɗan'adam, a ƙirga waɗanda suka faɗa cikin zanen. Ko wannan ma ƙiyasi ne, kuma ya kamata a rubuta a jikin taswira cewa ƙiyasi ne.

Akwai wani ɗan tuntuɓe da zan ambata a gurguje. Sau da yawa da suna ake ɗaura jadawali a jikin zane. To muna da Illela ta jihar Tawa, ga Illela ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni a tsallaken iyaka, ga kuma Allela, ƙaramar hukuma a cikin gundumar Ƙonni kanta. Ƙonni ma kowa da yadda yake rubuta ta, Bafaranshe da nasa, Bahaushe da nasa. Manhaja harafi take dubawa, in ya saɓa ta bar gurbi a wofi, in ya dace ta ɗaura ko da garin wata ƙasa ne. Maganin shi ne a yi aiki da lambar da hukuma ta ba kowane gari.

Yanzu mu zo ga zuciyar maganar. Yawancin ƙa'idojin tsabtace taswira an gina su a kan tunanin cewa kowane taki na ƙasa mai shi ɗaya ne kuma amfaninsa ɗaya, don haka manhaja na da ma'aunin da ke jan ja a duk inda fegi biyu suka hau juna, ta kira shi kuskure. A kan iyakar ƙananan hukumomi wannan daidai ne, gari ba ya zama na magajin gari biyu. A kan amfanin ƙasa kuwa, dokarmu da al'adarmu duk sun yarda da haƙƙi a kan haƙƙi. Gonar gero ta manomi ce daga shuka zuwa girbi, amma in hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, dabbobi na da damar shiga su ci kara. Dokar 1993 ta sanya burtali da hanyoyin ƙaura cikin dukiyar al'umma da ba ta mallakuwa ga mutum ɗaya. Ta ba makiyayi fifikon amfani a mazauninsa na asali, fifikon da bai hana wani makiyayin shayarwa da wucewa ba. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na asali. Tabki guda kan zama mashaya, ya zama wurin su, gefensa kuma lambun rani. A kan gona guda ana iya samun mai gado, da wanda aka jinginar wa, da matar da aka ba gayauna a wani lungu, da mai ɗiban 'ya'yan gawo. Idan ma'aikaci ya tilasta wa irin wannan ƙasa ta zama fegi ɗaya layi ɗaya, dole wani ya fita, kuma sananne ne wanda ke fita: wanda haƙƙinsa na lokaci ne, wanda ba ya nan ranar da aka zo awo domin yana arewa da garke, wadda ba a saba kiran sunanta a fada ba. Babu wanda ya yi niyyar zalunci, maɓalli aka danna. Amma bayan shekara goma, in aka buɗe kundi a gaban alƙali, abin da ke cikin jadawali shi ne hujja.

Illela na da darasi a kan yadda bayani ke tsufa a jikin fegi. A ƙarshen shekarun 1980, ƙarƙashin wani shiri da asusun IFAD ya tallafa wa, manoman yankin sun je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake farfaɗo da fako da ƙananan ramuka ana zuba taki, suka dawo suka inganta tassa, wato irin waɗannan ramuka, aka haɗa da ramuka masu siffar rabin wata. Filayen da ba sa fitar da komai suka soma ba da gero, har aka shiga saye da sayar da fako. Wannan nasara ce ta gaske. To amma a tsohuwar taswira an rubuta wa waɗannan wurare ƙasa marar amfani, a sabon hoto kuma gonaki ne, a idon makiyayi kuwa wasunsu nan ne garke ke ratsawa da damina lokacin da kwari ya cika da shuka. In aka ɗora tsohon falle a kan sabo aka riƙe bayanin sabo kaɗai, tarihin wucewar dabbobi ya ɓace. In aka riƙe na tsoho kaɗai, wahalar manomin da ya haƙa dubban ramuka da rani ta ɓace. Gamayya ce kaɗai ke ajiye su biyun a layi ɗaya, muddin an ba kowane falle gurbin shekara da gurbin wanda ya zana shi. Tun ran gini ake zane, domin in an riga an haɗa, ba a iya gane wace iyaka ce ta fito daga ina.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa matsayina ita ce wannan: yawancin hawan junan da gamayya ke fitarwa ba haƙƙin kowa ba ne, shara ce ta awo. Mai wannan magana yana da gaskiya babba. In mutum biyu suka bi iyaka ɗaya da na'urar GPS ta hannu, wadda kan kauce da mita 3 zuwa 5, layukansu ba za su taɓa kwantawa a kan juna daidai ba, sai su yi ta saƙa, su haifar da ɗaruruwan siraran yankuna kamar ɓarɓashin yadi a shagon tela. Kuma ba ƙaramin abu ba ne in an tara: burtali mai tsawon kilomita 20 da ya goce da mita 3 kacal ya haifar da hekta 6 na cin iyakar da ba a taɓa yi ba. Tsofaffin taswirorin da aka gada daga Faransa masu ma'aunin 1 bisa 200,000 sun fi haka, domin a jikinsu milimita ɗaya mita 200 ce a ƙasa, kaurin alƙalami kaɗai ya isa ya haɗiye gona. Hoton tauraron Sentinel-2, da ake samu kyauta, kowane ɗigonsa mita 10 ne. Ga kuma batun tsarin awo: gundumominmu uku na cikin shiyya ta 31 ta tsarin UTM, Maraɗi na cikin ta 32, in aka haɗa falle biyu ba a daidaita tsarinsu ba za su zauna nesa da juna ko su goce. Na yarda da duk wannan. Inda na rabu da mai sukar shi ne maganin da aka saba bayarwa, wato a ce wa manhaja ta haɗiye duk yankin da bai kai kaza ba cikin maƙwabcinsa. Cin burtali da gaske shi ma siriri ne dogo, domin manomi kunya ɗaya ko biyu yake ƙarawa kowace damina. Siffarsa a kwamfuta da siffar kuskuren awo kusan ɗaya ce. Wanda ya share da girma kaɗai zai share shara tare da shaida. Abin da ya dace shi ne a tsayar da iyakar kuskure gwargwadon na'urar da aka yi awo da ita, a rubuta ta, abin da ya gaza ta a ware shi a falle na daban kada a hallaka shi, abin da ya haura ta kuma a tafi a gani da ido. Kuskuren awo kan yi tsalle dama da hagu, cin iyaka kuwa gefe ɗaya yake bi, kuma jerin aguwa ko turakun siminti da ke bakin burtali za su raba gardama.

Suka ta biyu daga masu son zaman lafiya take fitowa, don haka ba na raina ta. Suna cewa in ka fito da jan fenti a taswira ka ce nan gonar wane ta hau burtali, ka tayar da abin da ke kwance. Amsata ita ce abin ba a kwance yake ba, jiran kaka yake. Mutanen wannan ƙasa ba su manta da Toda ta jihar Maraɗi ba, inda fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu a 1991, ba su kuma manta da Bangi ta gundumar Madawa, nan maƙwabtanmu, inda aka rasa kusan mutum 20 a Nuwamban 2016. Irin wannan masifa takan faro ne a inda garke da amfanin gona suka haɗu ba shiri. Gano wurin a watan Maris, gonaki a sake, zukata a kwance, sarki da arɗo da wakilin Kofo na zaune a inuwa ɗaya, ya fi gano shi a watan Oktoba da sanda a hannu. Duk da haka akwai gaskiya a cikin tsoron, kuma ita ce ta sa nake cewa sunan da za a ba yankin mahaɗa yana da nauyi. In aka rubuta masa cin iyaka, an yanke hukunci tun kafin a saurari kowa, alhali wataƙila gonar ta riga zanen burtalin, ko kuma zanen ne ya goce. A rubuta masa wurin dubawa. Kuma jadawalin da ke ɗauke da sunayen mutane ba abin mannawa a bangon kasuwa ba ne, a hannun kwamiti ya kamata ya tsaya.

Wasu dattawa kuma za su ce, mu da muka san iyakar kowa tun kakanni, ga gamba a kan iyaka, ga mai gari da shaidunsa, me kwamfuta za ta ƙara mana? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma babu taswirar da za ta yi daidai in ba daga bakinsu aka ɗauko ta ba. Sai dai mutanen da suka ƙaru da rabi cikin shekara 11 suna raba gonaki fiye da yadda ƙwaƙwalwar shaidu za ta riƙe, shaidun kuma suna tafiya. A dubi filin noman rani na Ƙonni, mai kimanin hekta 2,450, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, yake shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kan Majiya, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. Da aka zo gyara shi a cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016, aikin bai tsaya ga magudanan ruwa ba, sai da aka haɗa da tantance masu haƙƙi a kan filayen. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san irin wannan fili: cikin shekara 40 wanda aka rubuta tun farko ya rasu, 'ya'ya sun raba, wani ya ba da haya, wani ya ba da aro. Zanen injiniya na nuna fegi ɗaya, ƙasa na nuna uku. A irin wannan wuri, jadawali mai layi ɗaya ga kowane fegi ba zai ɗauki gaskiyar ba. Abin da ke ɗaukarta shi ne jadawali na biyu, na haƙƙoƙi, wanda aka ɗaure da lambar fegi, inda fegi ɗaya zai iya samun layi huɗu ko biyar, kowane da irin haƙƙinsa da lokacinsa. Manhajojin nan duk suna iya wannan, ma'aikaci ne zai nema.

Na san wannan hanya ta fi cin lokaci, kuma ma'aikacin Kofo da ke da babur ɗaya da man da bai isa ba zai ji kamar ana ɗora masa kaya. Amma yawancin abin da nake nema ba ya cin ko dala: a ajiye fallen asali kada a yi aiki a kansa sai a kan kwafi, a sake auna faɗi bayan kowane yanka, a tara jimlar jama'a ko hekta kafin haɗawa da bayan haɗawa a ga ko sun yi daidai, a fara da gamayya kafin a yi tunanin narkarwa. Wannan gwajin jimla shi kaɗai ya isa ya kama mutum 180,000 da suka fito daga 60,000. Abin da ke cin mai shi ne zuwa duba wuraren da aka ware, kuma a nan ma gamayya ce ke rage tafiya, domin maimakon a bi burtali daga bakin iyakar Najeriya har Badagishiri, sai a nufi wurare goma ko ashirin da jadawali ya nuna. In an isa, a shimfiɗa taswirar a ƙasa a gaban mai gona da arɗo da mai gari, a karanta musu layin da babbar murya cikin Hausa da Fulatanci ko Tamashek, a rubuta abin da kowannensu ya ce a gurbinsa, tare da kwanan watan ranar.